Kafin a Murɗa Makulli: Yadda Ake Tashin Motar da Ta Daɗe a Ajiye

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Aboabo da Sawaba da Asawase, a ƙaramar hukumar Asokore Mampong, ya san irin motar da ake magana. Tana jikin katanga, an lulluɓe ta da tampol wanda rana ta riga ta cinye, tayoyinta sun sace har sun nutse cikin jar ƙasa, akuya ta mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, matan gida kuma suna shanya a kan bonet. Mai ita ko ya rasu ko tsufa ya hana shi tuƙi. Galibi Fijo 504 ce ko tsohuwar Marsandi, amma jefi-jefi idan aka ɗaga tampol sai a tarar da 'yar ƙofa biyu irin ta 'yan gayun da, wadda aka ƙera don gudu da nuna isa. Sai wata rana wani daga cikin 'ya'yan gidan ya sami ɗan abin hannu, ya ce shi fa zai tashi motar Baba. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A aro batir daga wani mai tasi, a tsiyaya fetur a bakin kabireta, yara su taru, a ce bismilla, a murɗa makulli. A ganina, a wannan murɗawar ce ake asarar kaso mafi tsoka na kuɗin da ba a ma kai ga kashewa ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya tashin irin wannan mota, kuma Kumasi na cikin wuraren da suka fi dacewa da aikin a duk Afirka ta Yamma, da sharaɗin ya san abin da ke gaba da abin da ke baya, ya kuma san inda hannun fita, wato makanike, ke wadatarwa da inda dole a sayi sabo.

Dalilin tsoron murɗa makulli ba ɓoyayye ba ne. Injin da ya shekara goma bai juya ba, baƙin man da ke lulluɓe da ƙarafansa ya daɗe da tsiyayewa zuwa ƙasa, ya bar kiranshaf da metal suna kallon juna a bushe. A duk inda inji ya tsaya, akwai silinda ɗaya ko biyu da bawul ɗinsu ke buɗe, ta nan iska mai laima take shiga tana fita damina bayan damina, har tsatsa ta yi wa bangon silindar ƙawanya, zoben fistin ya manne. Kik ba ya tambaya, ƙarfi kawai ya sani. Idan ya fizgi injin da ke cikin wannan hali, zobe ya karye ya karce bango, ko bawul da ya cije ya lanƙwasa sandar da ke tura shi. A lokaci guda famfon mai yana zuƙo dattin da ya kwanta a gindin tanki yana aika shi cikin kabireta, wayoyin da ɓeraye suka gwaguye kuma suna jiran wuta ta bi ta kansu. Injin da a da yake buƙatar kwana uku na jiƙo da haƙuri, cikin minti biyu ya koma wanda sai an sauke shi an kai wurin masu gyaran bango. Wani lokacin ma motar takan tashi, ta yi hayaƙi, a yi sowa, ɓarnar kuma sai bayan mako biyu ta bayyana, sa'ad da inji ya fara ƙwanƙwasa.

Matakin farko ma ba a gareji yake ba. Motar da mai ita ya rasu dukiyar gado ce, kuma idan ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, har ƙanwar da ke aure a Tamale wadda ba ta taɓa tambayar labarinta ba. Muddin tana ƙarƙashin tampol ba wanda ya damu, ranar da ta sha fenti ta fito tana ƙyalli kowa zai tuna. Don haka a zauna gaban manya ko malamin unguwa, a yi mata kuɗi a halin da take, wanda zai gyara ya biya sauran ko a rubuta yarjejeniya. Daga nan sai takardu. A duba lambar shasi da ta inji a jikin ƙarfe, a gwada da abin da ke rubuce, a je ofishin DVLA, hukumar lasisin motoci, a ji abin da ake buƙata wajen sauya suna da samun takardar cancantar hawa titi, domin idan babu inshora babu wannan takarda, motar ado ce kawai. Akwai kuma wani abu da ya shafi tsofaffin motoci musamman. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974, saboda haka motar da ta shigo kafin nan, musamman ƙirar Ingila, mai yiwuwa sitiyarinta a dama yake. Gara a ji matsayin hukuma kan wannan kafin a sayi ko da noti ɗaya.

Bayan takardu sai gangar jiki, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa, don ita ce ke yanke hukuncin ko aikin ya cancanci a fara. Motar da aka ajiye a Kano ko Maraɗi, rana da bushewa ne abokan gabarta, roba ta tsage, kujeru su farfashe, amma ƙarfe yakan tsira. Kumasi ƙasar kurmi ce mai damina biyu a shekara, ruwan da ke zuba yakan kai wajen milimita 1,400, kuma unguwannin da ke gefen rafin Aboabo sun san ambaliya. Motar da ke kan ƙasa tsirara daga ƙasa take ruɓewa, tampol ɗin da aka rufa mata don kariya kuwa shi ke tsare laima ya hana ta fita. Sai a ɗaga ta da jak a kan katako mai ƙwari, a cire darduma, a ɗauki sukudireba a bi dabe, da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wuraren da sifirin da shokofsoba suka kama jiki, ana dannawa da ƙarfi. Inda ƙarfe ya amsa da ƙara, lafiya. Inda ya yi taushi kamar gurasa ko sukudireba ya wuce, a yi masa alama da alli. A bi gefen bodi da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa tsohon fila ne wani mai fenti ya cike rami da shi. Motocin gudu da yawa na shekarun 1960 da 1970, irin su MGB da Datsun 240Z, ba su da shasi na dabam, gangar jikin ce ke ɗauke da kanta. A MGB mai buɗaɗɗen sama, ƙarafan ƙarƙashin ƙofa su ne kashin baya, idan suka ruɓe motar takan sunkuya a tsakiya, alamar kuwa ita ce ƙofa ta riƙa cijewa ta sama. Dabe mai huji aikin mai walda ne na kwana biyu. Wurin da sifirin ya kama idan ya narke, wannan wani lissafi ne dabam, kuma wani lokacin amsar gaskiya ita ce a sayar da motar ga mai neman kayanta.

Idan jiki ya ci jarrabawa, sai a waiwayi inji, har yanzu ba batir. A cire fulogai duka, a jera su yadda suka fito, domin kowanne shaida ne a kan silindarsa: mai baƙin maiƙo yana nuna mai na haurowa, mai tsatsa yana nuna ruwa ya shiga. A zuba cokali biyu na man giyar otomatik gauraye da ɗan kananzir ta kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku. A zare sandar gwajin mai a duba, idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da shi. Sannan a sa sufana a babban notin kiranshaf, giya a furi, a gwada juyawa a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. Idan ya ƙi, a ƙara jiƙo a dawo gobe, kada a ɗaura bututu a sufana don ƙarin ƙarfi, kada kuma a ɗaure motar a bayan wata a ja ta cikin giya. Idan ya juya, a buɗe murfin sama a ga kowane bawul yana sauka yana hawa. Sai a juye tsohon mai, a sa sabo da sabuwar matata, a kawo batir, a duba wace ƙafa ce ke zuwa jikin mota, saboda MGB da aka ƙera kafin ƙarshen 1967 ƙafar fositif ce take kama bodi, akasin abin da yaran gareji na yau suka saba. A buga kik ba fulogi har fitilar mai ta mutu. A nan ne ake aro ma'aunin matsi a gwada silinda ɗaya bayan ɗaya. Adadin da kowace ta bayar bai kai daidaituwarsu muhimmanci ba, idan tazarar ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari sosai ba, injin na da rai. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokalin mai a sake gwadawa, idan ta hau matsalar zobe ce, idan ba ta motsa ba a nemi bawul ko gasket. Duk wannan bai ci kuɗin da ya wuce na mai galan ɗaya da ladan yaron masta ba, amma shi ke faɗa wa mutum ko aikin sidi dubu biyu ne a gabansa ko na dubu ashirin.

Mai da wuta ba su da tsada idan aka bi su a tsanake. Fetur yakan fara lalacewa cikin watanni, bayan shekaru ya koma wani jan danƙo mai warin fenti. A cire tiyon da ya taho daga tanki, a shayar da kabireta daga ƙaramin galan mai tsabta, tankin kuma a sauke shi a wanke daga baya. A kwance kabireta a wanke ƙananan hujojinta, a goge kwantak ɗin distiribita da 'yar takardar yashi, a daidaita tazararsa kusan milimita 0.4, a tabbatar wayoyin fulogi suna bin jerinsu, wanda a injin MGB da na 504 shi ne 1-3-4-2. Kabiretar SU da ke kan MGB, da 'yar'uwarta ta Hitachi da ke kan 240Z, tana da ɗan wurin zuba mai a samanta, idan ya bushe motar takan yi tari duk lokacin da aka taka totur, kuma an sha canja kabireta sukutum saboda cokali ɗaya na mai. Inda lamarin ke sauya fuska shi ne motocin da ba kabireta gare su ba, kamar Marsandi SL ta shekarun 1971 zuwa 1989 ko 504 mai famfon Kugelfischer. Waɗannan ƙwayar tsatsa ɗaya tana isa ta toshe su, kuma wanda ya buɗe su da guduma da zato ya gama da su.

Yanzu ga abin da ya bambanta Kumasi. Yawancin shawarwarin da ake karantawa kan gyaran tsofaffin motoci daga Ingila da Amurka suke, inda awa ɗaya ta makanike ta fi kayan gyaran tsada, don haka dokarsu ita ce cire ka jefar ka sa sabo. A nan lissafin a juye yake. Kayan da za a yi oda daga waje da dala ko fam ake sayensu, ga kuɗin jirgi ga na kwastan, kuma wanda ya ga yadda sidi ya zube a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, ya san kasafin da aka jingina da oda ba kasafi ba ne. Hannu kuwa yana nan a Suame Magazin, 'yar tafiya kaɗan daga Aboabo, inda ake ƙiyasta masu sana'a sun kai dubu 200, kuma inda jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da aikin injinan sassaƙa ƙarfe tun 1980. A can akwai mai naɗa wayar kik da ta janareto, mai toshe lagireto, mai sassaƙa bushin daga tagulla, mai lanƙwasa falle ya fitar da dabe daidai da tsohon, mai ɗinkin kujera. Abin da Bature zai jefar, a Magazin ana mai da shi sabo da kuɗin da bai kai na aiko shi ba. Wannan ne ma ya sa zaɓin motar ke da nauyi. Fijo 504 mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana mata jiki a 1969, idan mai silinda huɗu ce, cikinta kusan ɗaya ne da na 504 ɗin da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Kumasi da Bawku, wadda aka ci gaba da harhaɗawa a Kaduna har 2006. Injin 240Z dangin wanda ke cikin manyan Datsun da tsohuwar Nissan Patrol ne. Kuma ba motocin kwalliya kaɗai ba ne, 240Z ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973, 504 mai ƙofa biyu ta ci shi a 1978, wato an gwada su a kan hanyoyin da suka fi na Sawaba muni. Abin da ba a samu a Magazin ko a Abossey Okai ta Accra shi ne gilashinsu da fitilunsu da ƙarafan ado. Saboda haka motar da injinta ya cije amma gilashi da fitilu suna nan cif ta fi wadda ke tashi amma an kwashe mata waɗannan.

Sai dai hannun Magazin yana da iyaka, kuma iyakar ita ce duk abin da rai ya rataya a kai. Man birki yana shan laimar iska, shi ya sa ake cewa a canja shi duk shekara biyu, wanda ya shekara goma kuwa ya riga ya cinye cikin silindojin birki da tsatsa. Feda na iya yin tauri a tsakar gida ya nutse a gangaren Kejetia. Robobin birki, tiyoyinsa, tiyon fetur da bel, duka sababbi za a saya, ba na kwance ba. Taya ma haka, ko da zanenta bai goge ba. A gefenta akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, idan lambar uku ce to tun kafin shekarar 2000 aka ƙera ta. Kuɗin da aka tsimi a kan kik da lagireto, nan ne wurin kashe shi.

Wani zai ce duk wannan wahalar banza ce, a cire tsohon injin a dasa na Toyota ɗan hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi, gobe a hau titi. Maganar tana da ƙarfi, domin injin Japan ba ya shan mai sosai, kayansa na ko'ina, kuma da wannan dabarar ce tsofaffin motocin haya da yawa suka rayu. Idan gwajin matsi ya nuna injin ya mutu, ko bulok ya tsage, dashen ya fi barin motar ta koma mazaunin kaji. Amma a kan yi wannan shawara kafin a gwada komai, kuma kuɗin da ake ambata na injin ne kaɗai. Ba a lissafa kujerun inji da za a ƙera, da giyabos da zai dace, da furofela da za a yanke a sake haɗawa, da wayoyi, da salansa, da sauya lambar inji a takarda. Sannan darajar irin wannan mota a wurin masu nemanta tana tare da injinta na asali. Wanda dole ta sa ya dasa, aƙalla kada ya yanka jikin motar, kuma ya adana tsohon injin a ɗaki cike da mai maimakon ya sayar wa 'yan gwangwan.

Wani kuma zai ce masta da ya shekara talatin a kan Fijo ba ya buƙatar ma'auni, kunnensa ya isa, zuwa masa da jerin sharuɗɗa ma raini ne. Kunnen masta gaskiya ne, amma inji mai aiki yake saurara, wanda ke kwance ba ya magana. Kuma sana'ar fita a kan motar haya ta ginu, wadda kowace rana da ta kwana a gareji asara ce ga direba, don haka abin da ya goge a kai shi ne ta tashi yau. Ba laifinsa ba ne idan ba a gaya masa wannan aikin dabam yake ba. Ana iya faɗa cikin girmamawa: "Masta, wannan ta Baba ce, ba sauri muke ba, a duba min ita tukuna, zan biya kuɗin dubawar dabam." Biyan kuɗin dubawa dabam shi ne mabuɗin, domin makanikin da ba ya samun komai sai ya canja kaya, kaya zai canja. A kuma yi ciniki mataki-mataki, kada a damƙa kuɗin aikin duka a rana ɗaya, don garejin Magazin cike yake da motocin da aka kwance da zumuɗi, kuɗi ya ƙare, notuna suka watse, suka koma ajiya ta biyu wadda ta fi ta farko muni. Duk abin da aka cire a ɗauki hotonsa da waya, a sa shi a leda a rubuta sunansa. A 504 ma akwai wani tarko: bangon silindojinta zarewa yake, idan aka ɗaga kan inji aka juya kiranshaf ba a danne su ba, sai su motsa, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin mai.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na uwar gida da kawu, cewa da wannan kuɗin gara a sayi pragya, keke mai ƙafa uku, a ba wani yaro ya riƙa kawo balas kullum. Ta fuskar riba suna da gaskiya, kuma bai kamata a yaudare su da labarin gwanjon Turai ba, domin farashin da ake ji a can na motocin da aka gyara da kayan asali ne da cikakkun takardu, masu saye a Ghana kuwa ƙalilan ne. Abin da za a iya samu shi ne hayar biki da ta masu shirya fim da ɗaukar hoto, wanda zai iya riƙe mai da inshora. Wanda kuɗin makarantar yara zai taɓa, ya bari. Amma tsarin da aka bayyana shi ne amsar da ta fi dacewa da wannan ƙorafin, saboda kowane mataki yana da ƙofar fita. Wanda ya tsaya bayan duba jiki bai yi asarar komai ba, wanda ya tsaya bayan inji ya tashi yana da motar da ta fi ta jiya daraja ko da sayarwa zai yi.

Fenti ne na ƙarshe, ko da yake shi zuciya ta fi so. Kafin a kai gare shi motar na buƙatar 'yan makonni tana zagaya unguwa da tsohuwar fatarta, ido na kan allurar zafi, ana leƙa ƙarƙashinta kowace safiya a ga abin da ya ɗiga. A wannan lokacin ne lagireton da laka ta toshe zai tona kansa, haka famfon ruwa, haka kulocin da ya manne. A nan ne kuma za a lura da batun fetur, domin waɗannan injuna an ƙera su ne a zamanin mai mai dalma, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayarwa zuwa farkon 2006. Fijo da Marsandi masu kan inji na alminiyon ba su cika damuwa ba, amma kan MGB na baƙin ƙarfe ne, kuma doguwar tafiya da gudu a hanyar Accra tana iya cinye mazaunin bawul ɗinsa sannu a hankali. Alamar ita ce tazarar bawul ta riƙa raguwa duk lokacin da aka auna, maganin kuwa a sa masa mazauni mai tauri a wurin masu injin sassaƙa ranar da wani dalili ya sa aka ɗaga kan injin.